Yawon buɗe ido a North York Moors daga Maris zuwa Mayu: bukukuwa, hanyoyin ƙafa da abin da za a kiyaye

Wani ɗan'uwa da ke karatu a Middlesbrough ya turo tambaya. Iyalinsa sun iso daga gida, yana son ya fita da su tsakanin Maris da Mayu zuwa tuddan North York Moors da gaɓar tekun Whitby. Yana son sanin waɗanne bukukuwa ake yi a wannan lokaci, me za a iya yi a waje da yara, kuma me ya kamata ya shirya.

Malam, ka zaɓi wuri mai kyau, kuma yana bakin ƙofarka. Sai dai kafin a kai ga bukukuwa akwai abu biyu da ya kamata a gyara a zuciya, domin su ne ke sa mutane su dawo da ɓacin rai.

Na farko shi ne sunan lokacin. Mun saba fassara wannan yanayi na Turai da bazara, sai mutum ya ji kamar zafi zai tarar. Bazarar Ingila ba ta da alaƙa da tamu ta Afrilu da ake neman inuwar darbejiya. A bakin tekun Whitby, zafin rana a watan Afrilu yakan tsaya wajen digiri 10 zuwa 12, da dare ya sauko kusa da 4. A kan tudu abin ya fi haka, saboda duk mita 100 da ka hau sanyi yana ƙaruwa da wajen rabin digiri ko ɗan fiye, ga iska da ba abin da ke tare ta. Wuri mafi tsayi a yankin, Urra Moor, mita 454 ne. Dusar ƙanƙara tana iya zuba a can har cikin Afrilu.

Na biyu shi ne hotunan da ake gani a intanet, na tuddai shimfiɗe da fure ruwan hoda mai duhu har iya ganinka. Wannan furen na wani gajeren tsiro ne da ya rufe saman tuddan, kuma sai Agusta yake buɗewa. A Afrilu saman tudun launin ƙasa-ƙasa ne, kamar dajin da aka yi wa gobara aka bari. Kyawun wannan lokaci yana cikin kwaruruka, da kurmi, da bakin teku, da kukan tsuntsayen da suka dawo yin sheƙa. Wanda ya san haka zai tsara tafiyarsa zuwa ƙasa, ya bar saman tudu don rana mai haske.

Yankin gandun ƙasa ne tun 1952, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,400, kuma gefensa na gabas ya ƙare ne a Tekun Arewa da tsaunuka masu tsaye kamar bango. Mutane na zaune a cikinsa, da gonaki da tumaki, ba a biyan kuɗin shiga. Abin da ake biya shi ne wurin ajiye mota da shiga wasu gine-ginen tarihi.

Abin da ke buɗe kakar shi ne furen dafodil na daji a kwarin Farndale. Fure ne rawaya mai fitowa daga wani abu kamar albasa, kuma na Farndale ya fi wanda ake shukawa a lambu ƙanƙanta da haske. Yana bin gaɓar ƙoramar Dove dubbai-dubbai. Lokacinsa daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Afrilu ne, amma babu rana tsayayya: in sanyi ya daɗe sai ya makara, in ya yi sauƙi sai ya riga. Kafin ka ɗauki hanya ka duba shafin hukumar gandun, su kan faɗi inda furen ya kai. Tafiyar da aka saba yi ita ce daga ƙauyen Low Mill zuwa Church Houses a dawo, kimanin kilomita 5 da rabi gaba ɗaya, hanya shimfiɗaɗɗiya wadda yaro ɗan shekara biyar zai iya. Akwai ƙofofin shinge da yawa a hanyar, ko wacce ka samu a rufe ka rufe ta bayanka. An hana tsinkar furen, wurin yana ƙarƙashin kariya tun 1955. Ka kuma kula da ƙananan yara masu kai komai baki, don tsiron yana da guba, musamman albasar tasa. Matsalar Farndale ita ce hanyar mota. Siririya ce, a wurare da dama mota ɗaya kawai take ɗauka, kuma ranar Lahadi mai rana a lokacin Ista, bikin Kirista, cunkoso ake yi. Ka je tsakiyar mako, ko ka isa kafin ƙarfe goma na safe.

Dafodil na gama yayinsa sai wani fure shuɗi mai siffar 'yar ƙararrawa ya karɓa, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Mayu, a ƙarƙashin itatuwa kafin ganye ya rufe sama. Daga Middlesbrough wuri mafi kusa shi ne kurmin Newton Wood da ke gindin dutsen Roseberry Topping. Dutsen mita 320 ne, hawansa gajere amma da tsanani, kuma gefe ɗaya na ƙololuwarsa a yanke yake, don haka a riƙe hannun yara a sama. A irin waɗannan kurmi za ka ji ƙamshin tafarnuwa yana tashi, wannan tafarnuwar daji ce mai farin fure. A tsaya kan hanya, domin tsiron shuɗin furen in aka tattake ganyensa yakan ɗauki shekaru kafin ya farfaɗo.

Bukukuwan mutane kuwa yawancinsu a Whitby suke, kuma kalandarsu tana rataye ne da Ista, wadda ke motsi tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Ranakun hutun gwamnati su ne Juma'ar da ke gaban Ista, Litinin da ke bayanta, Litinin ta farko a Mayu da Litinin ta ƙarshe. A waɗannan ranaku masauki yana tsada, garin yana cika, layin masu sayen kifi yana kaiwa titi.

Wanda na fi so mai zuwa ya gani, in ranar ta yi masa daidai, shi ne wata tsohuwar al'ada da ake kira Penny Hedge, wato shingen kwabo. Ana yin ta ranar Laraba, kwana 38 bayan Lahadin Ista, da misalin ƙarfe tara na safe, a laka ta gefen gabas na tashar jiragen ruwa, can sama da gada. Mutane biyu ko uku suna sauka cikin lakar da sanduna, su kafa su, su saƙa ɗanyun rassa a tsakani kamar yadda ake saƙa zana ko dangar gona. In sun gama sai a busa ƙaho a yi kira da tsohon Turanci na tsawatarwa. Labarin da garin ke riƙe da shi ya ce a 1159 wasu manyan mutane uku suna farautar aladen daji suka yi wa wani mai ibada da ke zaune shi kaɗai duka har ya mutu, sai aka ɗora musu da zuriyarsu wannan aiki a matsayin kaffara: su yanko sandunan da wuƙar kwabo ɗaya, su gina shingen da zai jure cikowar teku sau uku, in ba haka ba su rasa filayensu. Abin lura shi ne yadda ranar ta dace da ruwa. Ana lissafin Ista da wata, cikowar teku ma wata take bi, shi ya sa galibi a wannan safiya ruwan ya janye ya bar wurin aikin a buɗe. Duka abin bai wuce rabin sa'a ba, babu kiɗa babu rumfunan ciniki. Ka iso da wuri ka tsaya a bakin hanya ta sama, kada ka shiga lakar.

Akwai kuma taron da ake kira Whitby Goth Weekend, wanda aka fara a 1994, ana yinsa sau biyu a shekara, na farkon galibi wajen ƙarshen Afrilu. Masu son wani nau'in kiɗa da ado ne ke taruwa, sanye da baƙaƙen kaya irin na zamanin Sarauniya Biktoriya, wasu da fenti a fuska. Dalilin zaɓar garin shi ne littafin Dracula na Bram Stoker da ya fito a 1897, wanda wani sashe na labarinsa ya faru a Whitby. Mutane ne masu natsuwa, amma shigar wasu tana iya tsorata ƙaramin yaro, kuma shagulgulan dare a mashaya ake yinsu. Mai iyali ya san da ranar tun kafin ya kama ɗaki, ko don ya je da rana ya kalla ko don ya kauce. In za ka ɗauki hoton wani ka nemi izini.

A cikin Mayu garin yakan yi bikin kifi da jiragen ruwa da suke kira Fish and Ships, inda ake nuna girki da sana'o'in teku, garin Malton da ke kudu kuma yakan yi bikin abinci. Ranakunsu na canzawa, a duba kowace shekara. A wasu ƙauyuka kamar Sinnington za ka ga dogon turke tsaye a dandali, wanda a al'adar farkon Mayu yara ke zagayawa riƙe da ƙyallaye masu launi suna saƙa su jikinsa.

Jirgin ƙasa mai aiki da kwal da tururi shi ne abin da yara ba sa mantawa. Layin North Yorkshire Moors Railway ya tashi daga Pickering zuwa Grosmont, mil 18, wasu jiragen kuma su ƙarasa Whitby, jimilla mil 24. George Stephenson ne ya tsara layin, aka buɗe shi a 1836, aka rufe a 1965, masu sa kai suka dawo da shi a 1973. Jigilar yau da kullum takan fara ne wajen ƙarshen Maris. Dabarar da ta fi ita ce a haɗa jirgi da ƙafa: ka sauka a Goathland, ka bi tsohuwar hanyar dogo zuwa Grosmont, kimanin kilomita 5 da rabi, yawancinta gangara, ka hau jirgi a can. Ka fara duba lokacin jirgin ƙarshe kafin ka sa ƙafa. Kuma kada yaro ya leƙa kai ta taga yana fuskantar inji, burbushin kwal yana shiga ido.

Yanzu bakin teku, kuma a nan zan daɗe, domin nan ne mutanenmu suka fi shiga haɗari. Wanda ya tashi a bakin Tiga ko kogin Kaduna ya san ruwa yana cika da damina ya ragu da rani. Teku tana yin wannan sau biyu a kowace rana. Tsakanin cikowa da cikowa kimanin sa'a 12 da minti 25 ne, don haka lokacin yana matsawa gaba da wajen minti 50 kullum. Abin da ka gani ranar Asabar ba shi za ka tarar ranar Talata ba. A Whitby, kwana biyu bayan tsayuwar wata ko cikarsa, bambancin tsayin ruwa tsakanin janyewa da cikowa yana kusan mita 5. A Robin Hood's Bay, inda ƙasan teku shimfiɗaɗɗen dutse ne, ruwan yana janyewa ɗaruruwan mitoci, ya bar fili mai cike da 'yan tafkuna da kaguwa da ƙananan kifaye. In ya juyo, ba ya zuwa a layi ɗaya daga gabanka. Yana bin kwaroron da ke tsakanin duwatsu ya zagayo ta bayanka, kana sunkuye kana kallon kaguwa, ka ɗago ka ga ruwa tsakaninka da tudu. Kuma saurinsa ba ɗaya ba ne. In ka raba cikowar kashi 12, sa'a ta farko kashi 1 ne ke shigowa, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, sai 2, sai 1. Rabin ruwan kenan yana shigowa a sa'o'i biyu na tsakiya. Mutum yakan kalli sa'ar farko ya ce ai a hankali yake zuwa, sai ta uku ta rutsa da shi.

Ƙa'idar ita ce: ka nemi jadawalin ruwa na Whitby na ranar da za ka je, ka sauka sa'a biyu kafin ƙarshen janyewa, ka fara komawa da zarar ruwan ya kai ƙarshensa. Ka duba ko jadawalin ya bi agogon da aka matsar, domin ana ƙara sa'a ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, kuma wasu jadawalai ba sa gyarawa. A wannan gaɓa, ranakun babban ruwa janyewar takan faɗo wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, wanda ya yi wa mai iyali daidai. Tafiya ta rairayi daga Robin Hood's Bay zuwa Boggle Hole gajeriya ce mai daɗi, amma ruwa na rufe ta. In ka makara, ka dawo ta hanyar sama.

Dutsen gaɓar nan mai laushi ne, yana ɓantarowa ba gargaɗi, musamman bayan ruwan sama da sanyin hunturu sun ratsa shi. Kada a shimfiɗa tabarma a gindinsa don neman mafaka daga iska, an sha rasa rai ta haka. Wannan ɓantarowar ce kuma ke fitar da abin da ya sa gaɓar ta yi suna, wato burbushin halittun teku da suka zama dutse tun shekaru miliyan 180 da ɗoriya. Wanda aka fi samu wata katantanwa ce naɗe kamar gammo, da layi-layi a jikinta. Mutanen zamanin da sun ɗauka macizai ne da Hilda, matar da ta kafa gidan ibadar Whitby a 657, ta mayar dutse, har yau uku daga cikinsu na cikin tambarin garin. Ana nemansu a cikin tsakuwar da ruwa ya tara, nesa da gindin dutse. Ka duba dunƙulen dutse mai toka-toka, girman ƙwai ko lemo, wanda wani layi mai ƙunya-ƙunya ya leƙo ta gefensa. Kada a sari jikin tsaunin da guduma. Ana kuma tsintar wani baƙin abu mai sheƙi mara nauyi da ake ƙera kayan ado da shi, asalinsa itace ne da ya daskare, ya yi tashe bayan 1861 lokacin da Sarauniya Biktoriya take takabar mijinta. Yadda ake gane shi: in ka goga shi a farar takarda mai kaushi yana barin layi ruwan ƙasa, kwal kuma baƙi yake bari.

Batun wanka a teku a wannan lokaci, shawarata a bar shi. Ruwan bai kai digiri 10 ba a Afrilu ko da rana ta fito fes. Wanda ya faɗa ruwa mai wannan sanyi numfashinsa yakan ƙwace masa a minti na farko, ya shaƙi ruwa, ko da ya iya iyo. In tsautsayi ya sa ka faɗa, ka kwanta rigingine ka buɗe hannu da ƙafa har numfashi ya daidaita, sannan ka yi kira. In wani ne ya faɗa ko ruwa ya tare shi, ka kira 999 ka ce a ba ka masu tsaron gaɓa, kalmar ita ce Coastguard. Kada ka bi shi ciki. Yara su naɗe wando su taka bakin ruwa, ya ishe su.

Hanyar ƙafa ta saman tsaunin teku wani sashe ne na Cleveland Way, doguwar hanya mai mil 109 daga Helmsley zuwa Filey, wadda aka buɗe a 1969. Alamarta a kan turaku hoton ƙwallon itacen oak ne. Sashen da ya fi dacewa da yini ɗaya shi ne daga Whitby zuwa Robin Hood's Bay, kimanin kilomita 11. Ana farawa da matakala 199 da ke hawa zuwa kufan gidan ibada, a bi gefen tsauni teku na hagu, a dawo da bas mai lamba X93. Lissafin lokaci da masu tafiya ke amfani da shi shi ne sa'a ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara minti 10 ga kowane mita 100 na hawa. Da yara ka ƙara rabinsa a kai, ka ƙara lokacin ci da salla. A Maris da farkon Afrilu hanyar tana da taɓo mai santsi, kuma a wurare da yawa babu shinge tsakaninta da gefen. Mai keke ko mai tura yaro a keken jarirai ya bi Cinder Track, tsohuwar hanyar jirgi tsakanin Whitby da Scarborough mai kimanin mil 21, ba ta da hawa mai tsanani, sai dai samanta ba ko'ina yake da santsi ba.

Mai son tsuntsaye ya ƙara gaba kudu zuwa Bempton, can bayan iyakar gandun, inda tsuntsayen teku dubbai ɗari-ɗari suke sheƙa a jikin farin dutse. Daga Afrilu zuwa Yuli ake ganin wani ɗan tsuntsu mai baki kala-kala kamar na aku. Akwai dakali masu shinge na kallo, don haka wurin ya dace da yara. A ƙasan Ravenscar kuma akwai wasu dabbobin teku masu kama da ayu da ke kwanciya a kan duwatsu. Gangarar zuwa wurinsu tana da tsanani, suna cizo, kuma in aka matsa musu sukan ruga ruwa su ji ciwo. A kalle su daga nesa.

A saman tudu, Maris zuwa Yuli lokacin ƙwai ne. Babu itatuwa, don haka tsuntsaye a ƙasa suke sheƙa, cikin ciyawa. Akwai mai dogon baki lanƙwasasshe wanda kukansa ke tashi kamar sarewa, akwai mai tukku da ke juyi a sama, akwai wata mai kama da makwarwa da ke tashi fir daga gaban ƙafarka. In uwa ta tashi daga ƙwai a sanyin nan na ɗan lokaci kaɗan, ƙwan ya lalace ko hankaka ya ɗauke. Shi ya sa ake roƙon mutane su tsaya kan hanya, doka kuma ta ce kare ya zama a ɗaure da gajeriyar igiya daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli a filayen da aka buɗe wa jama'a. Tumaki ma a wannan lokaci suke haihuwa, kuma a sake suke, babu makiyayi. In ka ga ɗan rago shi kaɗai yana kuka ka ƙyale shi, uwarsa na kusa. Direba ya rage gudu a hanyoyin tudu, saboda in tunkiya tana gefe ɗaya ɗanta yana ɗayan, zai tsallako ne ba tare da duba ba. Shanu masu 'yan maruƙa a ba su wuri, a zagaye su.

Wuta ita ce abin da zan roƙe ka a kai. Mu mutane ne masu son gashi in an fita, amma a kan tuddan nan kada ka kunna gawayi ko wutar itace ko kaɗan. Ciyawar bara a bushe take a Afrilu, ƙarƙashinta kuma baƙar ƙasa ce da ta samu daga ruɓaɓɓun tsirrai, wadda in ta bushe ita kanta tana ci, ta yi kwanaki tana cin wuta ta ƙasa. Gobarar Fylingdales ta 2003 ta cinye ƙasar har ta tono duwatsu masu zanen mutanen da. In ka ga hayaƙi kafin 15 ga Afrilu yana iya zama ƙona daji na masu kula da filin, wanda doka ta yarda har zuwa wannan rana, amma in babu kowa kusa da wutar ka kira 999. A zo da dafaffen abinci daga gida, da shayi a fulas.

Halittu biyu ne ke cutarwa. Akwai wata 'yar kububuwa mai zane kamar haƙorin zarto a bayanta, ita kaɗai ce macijiya mai dafi a Biritaniya. Tana fitowa shan hantsi daga Maris, tana da sanyin jiki a lokacin, ba ta saurin gudu. Dafinta bai kai na tamu ba, rabon da ta kashe mutum tun 1975, amma sara yana buƙatar asibiti. Kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe ko agogo, a hana wurin motsi, a kira 999. Ta biyun ita ce kaska, kuma ita ta fi yawan kama mutane. Ƙaramarta ba ta wuce ƙwayar gero ba, tana jira a kan ciyawa, tana iya ɗauke da cutar Lyme. A cusa ƙafar wando cikin safa, in an dawo a duba bayan gwiwa, hammata, ƙugu, da bayan kunnen yara da gindin gashinsu. A cire ta da siririn hantsaki, a kama dab da fata a ja sama a hankali. Kada a ƙona ta ko a shafa mata man shafawa, hakan na sa ta amayar da abin cikinta a jikin mutum. In bayan mako ɗaya zuwa huɗu wani zagayayyen tabo ya fito yana faɗaɗa, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, a ga likita a gaya masa kaska ta ciji mutum. A baƙar fata tabon ba lallai ya yi ja ba, yana iya zama kamar wuri mai duhu ko rauni, don haka a duba da kyau cikin haske.

Sutura ta zama hawa-hawa: ta ciki wadda ba auduga ba, domin auduga in ta sha gumi tana riƙe shi ta sanyaya jiki, sai ta ulu a tsakiya, sai rigar ruwa mai tare iska a waje. Hula, safar hannu, takalmi mai ƙunya a tafinsa. Mata masu dogayen kaya su sa wando mai kauri a ciki, su zaɓi hijabin da iska ba za ta cika shi ba a gefen tsauni. Lema ba ta da amfani a can. Wani abin da ke faruwa a wannan gaɓa a Afrilu da Mayu shi ne hazon teku: iska mai ɗumi ta bi ta kan ruwa mai sanyi, sai farin hazo ya taso ya rufe bakin teku, zafi ya faɗi nan take, alhali kilomita kaɗan cikin ƙasa rana na haskawa. In ka tarar da shi a Whitby, ka juya zuwa Goathland ko dajin Dalby. A kan tudu sabis na waya yana yankewa, don haka ka sauke taswira a waya tun daga gida, ka riƙe abin cajin tafi-da-gidanka, kuma in za ka yi nisa ka sayi taswirar takarda ta Ordnance Survey, OL27 ta gabas da teku, OL26 ta yamma. In haɗari ya faru a tudu, ka kira 999 ka ce 'yan sanda, sannan ka nemi masu ceto na duwatsu.

Daga Middlesbrough jirgin kwarin Esk yana kai ka Whitby cikin kimanin sa'a ɗaya da rabi, amma jiragen ba su da yawa a rana, ka riƙe lokacin na ƙarshe. Daga York akwai bas 840 ta Malton da Pickering. Mai mota ya ajiye ta a saman Robin Hood's Bay ko Staithes ya gangara da ƙafa, babu wurin ajiyewa a ƙasa. Sabon direba ya guji Rosedale Chimney Bank, gangararta ɗaya cikin uku ce.

Abinci da salla: kifi da soyayyen dankali shi ne abincin garin, amma a Yorkshire shaguna da yawa da kitsen sa suke suya, wasu kuma suna kwaɓa fulawar da giya. Ka tambayi abu biyun kafin ka saya, za su gaya maka ba tare da damuwa ba. In za ku ci a waje ku jingina da bango, saboda manyan fararen tsuntsayen teku suna fizgar abinci daga hannu kamar yadda shirwa ke yi da nama, kuma ta baya suke zuwa. Masallatai suna Middlesbrough, Scarborough da York, don haka a ƙauyuka sai dai ka ɗauki darduma mai bayan leda ka yi alwala kafin ka fito. Alƙibla daga Whitby tana kudu maso gabas, wajen digiri 120 daga arewa. A ƙarshen Afrilu rana tana faɗuwa wajen takwas da rabi, a ƙarshen Mayu bayan tara, kuma daga tsakiyar Mayu sama ba ta yin duhu sosai har asuba, sai a bi jadawalin masallacinku don isha'i da asuba. Wannan ne ma ya sa mai son kallon taurari, wanda yankin ya samu shaidar duniya a kansa a 2020, ya kamata ya zo a Maris ko farkon Afrilu, a daren da babu farin wata.